Wane wata ya kamata a kama hanyar Abzin?

A wannan karo filin nan zai yi magana bisa tafiya arewa, wato Agadas da duwatsun Abzin da hamadar da ke bayansu. Dalili kuwa shi ne, da zarar an ɗaure dammunan hatsi an zuba a rumbu, sai tashoshin mota na Damagaram da Tawa da Maraɗi su cika da masu niyyar tafiya can. Wani biɗa za shi, wajen haƙar zinariya ko aikin lebura a Arlit. Wani ɗan kasuwa ne, albasa yake nema. Wani tsoho ne da sanyin ƙashi ya dama, an ba shi labarin ruwan zafi na Tafadek. Wata kuwa ɗiyarta ke aure a Agadas, an daɗe ba a ga juna ba. In aka tsaya aka saurari abin da suke tambayar ƴan kamasho, kusan duka tambaya guda ce: nawa ne kuɗin mota? Da wuya a ji wanda ya tambaya ko wannan watan na tafiya ne. Alhali a ƙasar Abzin akwai watan da hanya take da sauƙi, akwai kuma watan da take cin rai, kuɗin mota kuwa duk ɗaya ne.

Ga amsar tun daga farko, saboda wanda ba zai samu karanta sauran ba: lokacin tafiya shi ne daga tsakiyar watan 11 na nasara zuwa ƙarshen watan 2. Wata uku da rabi ke nan. Sauran watanni kowane da irin tasa wahala, kuma ya kamata a san ta kafin a ɗaure kaya.

Iska biyu ke rabon shekara a ƙasar Nijar. Ɗaya tana tasowa daga teku, can wajen Kwatano da Legas, ita ke ɗauke da danshi, ita ke kawo hadari. Ɗayar daga hamada take fitowa, ta gabas maso arewa, busasshiya ce, ita ce ta hunturu. Kamar ƴan kokowa suke. Daga watan 4 ta teku take fara ture ta hamada, tana hawa arewa sannu sannu. Tana isa Gaya a watan 5, Maraɗi da Damagaram a watan 6, amma ba ta kai Agadas sosai sai watan 7. Ta iso a gajiye, kuma kafin watan 9 ya ƙare an koro ta. Shi ya sa bazarar Agadas ta fi ta kudu tsawo: lokacin da manomin Madarumfa ya yi shibka har ya shiga noman fari, mutumin Agadas yana nan cikin tsakiyar zafi.

Ma'aikatan yanayi da milimita suke auna ruwan sama. Milimita 1 shi ne lita 1 ta ruwa ta zuba bisa fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. A shekara Gaya takan samu wajen milimita 800, Maraɗi wajen 500, Tawa ƙasa da 400. Agadas tsakanin 100 da 150 take samu. Bilma kuwa ba ta kai 20, wata shekara ma ko ɗigo. Wato abin da Bilma ke samu a shekara guda, hadari ɗaya na malka yakan zubar da shi a Maraɗi tsakanin azahar da la'asar. Matafiyi ba ya bukatar ma'auni kafin ya ga wannan, ido ya ishe shi. Daga Damagaram zuwa Agadas kamar kilomita 450 ne. In an wuce Tanut sai gonaki su riƙa raguwa har su ɓace, sai ciyawa da ƙaya da rijiyoyin makiyaya har Adarbisanat. Daga Tawa kamar kilomita 400 ne, nan ma bayan Abalak haka abin yake. Tun 1961 gwamnati ta yi doka ta shata iyakar noma ta wannan wajen, abin da ke arewa da ita aka bar wa kiwo.

Lissafin masu ayari

Masu ayarin gishiri sun daɗe da sanin wannan lissafi, ba tare da takarda ba. Abzinawa sun raba shekara kashi huɗu. Akasa ita ce damana. Gharat shi ne zafin da ke biyo bayan ɗaukewar ruwa, wanda Bahaushe ke kira agazari. Tagrest shi ne sanyi, awelan kuma bazara. Babban ayarin Bilma a watan 10 yake tashi, kuma ba da ka aka zaɓi watan ba. Raƙuma sun yi wata biyu suna cin ɗanyar ciyawa, tozo ya cika. An yanki ciyawa an ɗaure, domin cikin Tenere babu abin da raƙumi zai sa a baka. Suna tafe suna ajiye wasu dammuna bisa hanya saboda dawowa. Dabino ya nuna a Fashi da Bilma. Hatsi ma ya fara shigowa, shi ne abin musanya. Tsakanin Agadas da Bilma kamar kilomita 600 ne. Ana tashi tun da safe, ba a sauke kaya sai dare ya yi nisa, ko shayi bisa tafiya ake dafa shi. Madugu yana gaba, da rana yana duban inuwa, da dare yana duban taurari.

In sun komo da kantun gishiri da dabino, sai su ɗan huta a gida, sannan su gangaro kudu cikin sanyi. Su ne baƙin da ake gani a watan 12 da watan 1 sun sauka a gonakin Damargu da Tasawa da Dakwaro, raƙuma suna cin kara suna bar wa mai gona taki. Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya yi yawon ƙasar Hausa da sunan Abdul Karim, ya shiga Agadas a watan 10 na 1850, kuma da zai gangaro kudu sai da ya jira ayarin gishiri, ya biyo shi a watan 12, ya iso Damargu a watan 1 na 1851. Shi da ya zo da alƙalami da ma'aunin zafi, lissafin madugu ya bi.

Amma kada mai karatu ya ce tunda ayari na tashi a watan 10, shi ma hanya ta buɗe masa. Agazari ƙaramar bazara ce, da rana zafi yana haura digiri 35. Mai ayari ya san rijiyoyinsa, kuma in raƙumi ɗaya ya faɗi saura suna tafiya. Mota in ta tsaya, kowa ya tsaya. A watan 10 na 2013 aka tsinci gawa 92 cikin hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu mutanen wajen Kance ne, cikin jihar Damagaram. Motoci biyu suka ɗauke su, suka kauce wa babbar hanya. Ɗaya ta lalace, ɗayar ta sauke mutane ta koma neman kayan gyara, ita ma ta mutu a hanya. Ƙishirwa ta kashe su. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku. Akwai garuruwan da har yau ba a rasa gidan da ya yi rashi a wannan tafiya.

Abin da sanyi ke bayarwa

Daga tsakiyar watan 11 ne ƙasar take sakin jiki. A watan 1, da rana zafin Agadas bai cika wuce digiri 28 ba, mutum yana iya yini yana yawo a kasuwa ba tare da ya galabaita ba. Koramu sun bushe, hanyoyi sun bi. Sauro ya ragu. Mota ba ta yawan tafasa, taya ba ta yawan fashewa, kuma ruwan da aka riƙo yana kai mutum nesa. Ko nasaru masu yawon buɗe ido, a zamanin da suke zuwa da yawa, a waɗannan watanni suke zuwa, tseren motocin nan na Paris zuwa Dakar ma da ya riƙa ratsa Agadas a shekarun 1980 a watan 1 ake yin sa.

Sai dai sanyin can ba irin na gida ba ne. Da zarar rana ta faɗi, ƙasa ba ta riƙe ɗumi, domin babu danshi babu itatuwa. Cikin gari yakan sauka wajen digiri 11 ko 12 da asuba. A fili, ko bisa duwatsu, ya fi haka nesa. Dutsen Bagzan, wanda ya fi kowane tsawo a Nijar, mita 2022 ne, can ruwa yakan kwana a ƙwarya ya wayi gari da ƙanƙara. Wanda ya hau bayan babbar mota da riga guda, aka yi tafiyar dare da shi, shi zai ba da labari. Saboda haka bargo ba kayan ƙawa ba ne, tilas ne. Haka rawani, wanda ke tare sanyi da ƙura gaba ɗaya. Abzinawa ba don ado kaɗai suke naɗa shi ba. A riƙi takalmi rufaffe da man kaɗe saboda faso da tsagewar leɓe. Mace mai goyo ta tanadi hula da rigar sanyi domin yaro, ciwon haƙarƙari ba ya yi wa ƙananan yara da sauƙi. Kuma duk yadda ɗari ya kai, kada a shiga da garwashin gawayi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. Hayaƙinsa ba a ganin sa, ba a jin warinsa, yana kashe mutum cikin barci.

Ɗayar matsalar ita ce hazo. Ƙurar tana tasowa daga wani tsohon gindin tafki da ke arewacin Cadi, wanda ake kira Bodele, iska ta kwaso ta ta watsa har bakin teku. Akwai ranakun da mutum zai tsaya cikin Agadas ya kasa hango hasumiyar babban masallaci, ita da tsawonta ya kai mita 27. A irin wannan rana direban kirki ba ya barin kwalta ya shiga rairayi. In ya ce a kwana, a kwana, kada fasinja su matsa masa don suna gaggawa.

Ɗan kasuwa ma a wannan lokaci ribarsa take. Albasar Abzin, ta Tabelot da kewaye, tana fitowa daga watan 10 zuwa watan 12, lokacin da ta Galmi ba ta iso ba, ta ajiya kuma ta ƙare, shi ya sa take da daraja. Bisa Bagzan ana noman dankalin turawa da tafarnuwa. Timiya, wadda ke cikin duwatsu fiye da kilomita 200 daga Agadas, ita ce garin lemu da rumman, kuma cikin sanyi lemun yake nuna. Mutumin kudu da ya saba ganin hamada a ransa yakan yi mamaki in ya ga garka kore shar a gindin baƙin dutse. Da can da raƙumi ko sa ake jan ruwa daga rijiya a zuba a kwalbati, yanzu inji ya yi yawa. Mai aikin garka a Maraɗi ko Madawa in ya je, kada ya tsaya ga saye kaɗai, ya duba yadda suke tattalin ruwa.

Masu zuwa Tafadek, kamar kilomita 80 arewa da Agadas, su ma wannan ne lokacinsu. Ruwan daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa da zafinsa, mutane suna zuwa su yi kwanaki suna wanka saboda ciwon gaɓɓai. Shiga ruwan zafi a watan 5 azaba ce bisa azaba. Tsoho mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara biyawa ta gidan likita ya ji shawara kafin ya tafi. Wanda kuma zumunci kaɗai ya kai shi Agadas, ya samu rana guda ya zaga tsohon gari, ya ga fadar Sarkin Abzin da masallacin ƙasa da aka fara ginawa wajen 1515, aka sake gina shi a 1844. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya.

Tarkon bazara

Nan ne maganar take da nauyi. Daga watan 3 zafi yake fara dawowa, da iska mai tada rairayi. A watan 5 da watan 6, abin da aka saba gani da rana a Agadas shi ne digiri 41 ko 42 a inuwa, wasu ranaku 45. Bilma da Dirku da Arlit ba su gaza haka ba. Rairayin da rana ta buga kuwa ya fi iska zafi nesa, ba ya takuwa da ƙafa. Rijiyoyi sun ja baya, wasu sun ƙafe. Dabbobi sun rame. Mutanen ƙasar kansu da hantsi suke shiga inuwa, ba su fitowa sai la'asar.

To, a daidai wannan lokaci ne talakan kudu ya fi tashi. Ba wauta ke sa shi ba. A watan 11 rumbu yana da hatsi, ga bukukuwa, ga kokowa, ga biyan bashi, mutum yana cewa bari a ga abin da hali zai yi. Sai watan 4 ya zo, rumbu ya nuna gindi, tiyar hatsi ta hau a kasuwa, uwargida ta fara rage awo. Ran nan maigida ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota. Wato yunwa ce ke zaɓa masa ranar tafiya, kuma kullum mafi munin rana take zaɓa. Maganin wannan tun a kaka ake yin sa. Ranar da aka gama ɗaurin hatsi, a ƙirga dammuna, a ƙirga bakin da ke ci, a san watan da abincin zai kai. In lissafi ya nuna ba zai wuce watan 4 ba, to wanda zai tafi biɗa ya tafi a watan 11, cikinsa da abinci, hanya da sanyi, kuma bakinsa ya ragu daga rumbu tun da wuri. Shekarar da damana ta yi gardama, kamar yadda aka gani a 1973 da 1984, jira ba ya ƙara ko zangarniya guda.

Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, samari masu bin wannan hanya sun ƙaru ƙwarai, da yawansu ba su taɓa wuce Tanut ba. Su ne ya kamata su yi wannan ɗan lissafi. Cikin zafin bazara, mutumin da ke fili yana iya bukatar lita 10 ta ruwa a yini. A ce mota ta ɗauki mutum 25, tafiyar kwana uku ce. Mutum 25 sau lita 10, lita 250 ke nan a yini. Sau kwana uku, lita 750. In bido mai lita 25 ne, bido 30 ake bukata, ba a sa na injin mota ba, ba a kuma sa kwanakin da za a yi in an lalace ba. Mai karatu ya tuna motocin da ya taɓa gani sun kama hanyar hamada, ya ƙirga bidon da ke rataye a jikinsu. Kowa da ɗan nasa na lita 5 da aka naɗe da buhu, ana cewa in Allah ya so jibi an isa. A ƙarshen watan 5 na 2017, mutum 44 suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku, yawancinsu ƴan Gana da Nijeriya, har da jarirai, saboda motarsu ta lalace. Mutum 6 kaɗai suka kai ga mutane da ƙafa.

In tafiyar ta zama dole a bazara, saboda rashin lafiyar ɗan'uwa ko rasuwa, to zuwa garin Agadas kansa bisa babbar hanya ba shi ne abin tsoro ba, ko da yake kwaltar ta lalace a wurare da yawa, tafiya takan ɗauki lokaci fiye da yadda aka zata. Abin tsoro shi ne wuce Agadas ko Arlit a shiga inda babu gari. Can kada a yarda da mota guda, sai ayarin motoci. A tambaya a tasha ranar da suke tashi tare da rakiyar soja, a jira ranar ko da za a yi mako. A tambayi direba ko yana da tarho irin na Thuraya, domin salula ba ta kamawa a hamada. Direban da ya ce zai bi ta bayan gari don kauce wa jandarma, ya kauce wa rijiya ke nan, ya kuma kauce wa duk wanda zai zo ceto. A riƙi takardar shaidar ɗan ƙasa, a gaya wa na gida ranar tashi da sunan wurin da za a. Mata masu ciki da yara ƙanana ba su da abin yi a wannan hanya a wannan lokaci, ko wane ne ya yi musu alkawarin arziki a Tamanrasset.

In kuwa mota ta lalace, kada a watse. Mota ana hango ta daga nesa, mutum guda ba a hango shi. A yi inuwa da bargo ko tabarma a jikinta, a kwanta, a rage magana, a bar tufafi a jiki domin suna rage fitar gumi. In tilas a yi tafiya, da dare, kuma sai an tabbata inda ruwa yake. Ruwa a riƙa kurɓa kaɗan kaɗan, yara su ne farko. Alamun ƙishirwa ta fara yin illa su ne ciwon kai, jiri, fitsari kaɗan kuma ja. In mutum ya daina gumi, jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu, to rai na cikin hatsari: a kai shi inuwa, a jiƙa masa tufafi, a yi masa fifita. Wanda ya galabaita amma yana iya sha, a dama masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa. Har ila yau bazara ita ce lokacin sanƙarau, daga watan 2 zuwa faɗuwar ruwa, kuma wurin haƙar zinariya inda ake kwana a cunkushe cikin ƙura ya fi ko'ina saurin yaɗa shi. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya ba na jiƙo ba ne, na likita ne, a ranar.

Ruwan da ba a ga hadarinsa ba

Wani zai ce to damana fa, tunda ruwan can kaɗan ne? Kaɗan ne, amma a taƙaice yake zuba, kuma bisa dutse. Dutse ba ya shan ruwa. Duk abin da ya sauka bisa Abzin gangarowa yake cikin koramu, ya taho da ƙarfi da itace da duwatsu. Mutum yana iya zama ƙarƙashin sama garau, babu ko gajimare, sai ya ji ruri daga nesa, kafin ya tattara kayansa ruwa ya iso, wanda aka yi a wani dutse mai nisan yini guda. Baƙo yana son sauka cikin korama saboda rairayinta da laushi, ga inuwar itace. Ɗan ƙasa ba ya kwana a ciki daga watan 7 zuwa watan 9. Direba ma in ya tarar korama tana gudu, ya jira. Yawanci cikin sa'o'i kaɗan take janyewa. A farkon watan 9 na 2009 koramar Telwa ta fasa madatsa ta shiga garin Agadas da dare, ta rushe dubban gidaje na ƙasa, ta kwashe garake da dabbobi. Hanyoyin Timiya da Tabelot da Iferwan kuwa, a watan 8 sukan yanke na kwanaki.

Duk da haka akwai masu dalilin zuwa a ƙarshen damana, su ne masu harkar dabbobi. Yamma da Agadas, kamar kilomita 120, akwai garin Ingal, a bakin wani babban fili da ƙasarsa da ruwansa suke da gishiri. Da ruwa ya sauka, makiyaya Fulani da Abzinawa suke barin ƙasar noma su hau can da garkunansu, dabbobi su ci sabuwar ciyawa su lashi gishiri su murmure daga wahalar rani. A watan 9 ake babban taro a Ingal, hukuma ta zo, a yi wa dabbobi allura, a yi tseren raƙuma, Bororo su yi rawarsu da kwalliya, a yi ciniki. Mai son sayen raƙumi ko rago mai ƙiba, ko mai son ganin abin da bai taɓa gani ba, wannan ne lokacinsa. Sai dai ya sani filin yumɓu ne, in an yi ruwa mota takan kafe har gindi, ga sauro, saboda haka gidan sauro ya shiga cikin kaya. Ga manomi kuwa watan 9 ba na barin gona ba ne, hatsi ya nuna, tsuntsu na jira, wake na bukatar tsinka. In gida na da maza da yawa, ɗaya ya tafi ya kawo wa saura labari.

Shi manomin da ya tashi a watan 11, ya sa ranar komowa tun kafin ya tafi. Ƙarshen watan 2 ko cikin watan 3 ya kamata a gan shi gida, da sauran lokacin sassabe da kai taki da gyaran rumbu da neman iri. Wanda ya ga aiki ya karɓe shi har ya yi niyyar zarcewa, gara ya yi bazarar a inda yake, in akwai ruwa da likita kusa, ya aiko da kuɗin noma, da ya ce sai ya ratso hamada a watan 6 don an gaya masa an yi ruwan shibka a gida.

Saura maganar Biyanu, bikin nan na mutanen Agadas, domin ana yawan tambayar watan da ake yin sa. Ba ya da wata a lissafin nasara. Watan Muharram yake bi, ƙarshensa wajen ranar Ashura, lokacin da samarin gabas da na yammacin gari suke fita da tambura da manyan riguna da rawuna, su kwana a bayan gari, su komo da safe riƙe da ganyen kaba. Tunda shekarar wata ta gaza ta nasara da kwana 11, bikin ja da baya yake kowace shekara. Daga 2009 zuwa 2012 ya faɗo cikin sanyi. A 2024 da 2025 a watan 7 aka yi shi. Daga nan watan 6 yake shiga, sannan watan 5, sannan watan 4, wato shekaru da dama a tsakiyar bazara, ba zai komo ƙarshen sanyi ba sai wajen 2037. Mai son gani kafin nan ya tsaya cikin gari, ya nemi masauki tun da wuri wajen ɗan'uwa, ya fita kallo da safe da yamma, da bidonsa na ruwa a hannu.